Ruwan Rijiyarmu Ya Koma Kore

Zuwa ga Gwaggo Hajo,

Gwaggo, ki taimake ni don Allah, na rasa wanda zan buɗe wa cikina a duk faɗin Kumasi. Ban daɗe da koyon boko a ajin manya ba, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Ni matar aure ce a Moshi Zango, koko da ƙosai nake sayarwa a ƙofar gida. Maigida fataucin shanu yake yi, ya tafi garin Bawku can arewa tun kafin azumi, ba ma sa ran shi sai wajen babbar Sallah. A tsakar gidanmu akwai rijiya wadda marigayi surukina ya haƙa tun zuwansa daga arewa, ya kuma bar wasiyya kada a hana kowa ɗiba. Kin san yadda damina ta riƙa gajarta a 'yan shekarun nan. Bana rani na kamawa rijiyoyin layinmu suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, tamu kaɗai ta rage. Famfon gwamnati yana can wajen Akwatialine, in mace ta kai bokiti da hantsi sai azahar take dawowa, wani lokaci ma da faɗa. Saboda haka kowa gidanmu yake zuwa, har Tonawa 'yan asalin garin da ke haya a bayan masallaci. Ni kuwa daɗi nake ji, ina cewa albarkar tsoho ce.

Maigida yana da ƙane, Moro, wanda ke karatu a babbar makaranta a bayan gari. Shi da malaminsa, wani Bature dogo da ba ya rabo da hular kwano, suna binciken ruwa. Yawo suke unguwa unguwa suna zura igiya a rijiyoyi su auna zurfin ruwan, su ɗiba a kwalabe su tafi da shi. Moro ya taɓa gaya mini wai tun da ake sare daji don katako da gonaki, ruwan sama ba ya zama a ƙasa kamar da, shi suke son su gane. Na yi masa tsiya irin ta ƙanin miji, na ce karatun ya ƙare a leƙen rijiya. Da suka zo tamu ban hana ba, har kujera na ba Baturen.

Bayan an kwana biyu Moro ya dawo shi kaɗai, fuskarsa ba walwala. Ya ce sun duba ruwanmu a madubin likita sun ga ƙwayoyin cuta irin waɗanda ake samu a bayan gida. Ya ce suna zaton salgar unguwa, wadda ke kan tudu bayan katangarmu, ita ce ke tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙasa zuwa rijiyar. Suna so su zuba wani garin rini a salgar, in ya fito a rijiya to an tabbatar. Ya rantse mini rinin ba ya cutar da kowa, ya ce in na ga launi kada in tsorata, in aika a kira shi, kuma kafin nan in riƙa tafasa ruwan sha. Gwaggo, ban yarda da shi ba. Ruwan nan garau yake, ga sanyi, ba wari. A raina na ce ƙasa ai tana tace komai. Na ce su zuba, don in ga ƙarshen ƙaryar boko, kuma ban gaya wa kowa ba.

Bayan sun zuba, ranar Laraba da safe maƙwabciyata Fusena ta jefa guga, ta jawo, sai ta saki igiyar tana salati. Ruwan ya koma kore shar, yana wani ƙyalli a rana kamar idon mage. Kafin in ɗaura zane da kyau gidan ya cika. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce aljanun rijiya aka taɓa. Da aka tuna an ga Bature a gidan, magana ta juya. Aka ce guba ya zuba don mu tashi hukuma ta karɓe filin, wata tsohuwa kuma ta ce maganin hana haihuwa ne ake gwadawa a kan 'yan Zango. Matan da suka sayi kokona da safen suka riƙa tura wa 'ya'yansu yatsa a maƙogwaro.

Na aika aka kira Moro. Ya tsaya a tsakar gida yana bayani, har ya ɗebi ruwan a tafin hannu yana nuna musu ba ya ƙona fata. Ba wanda ya saurara. Samari suka yi kansa, aka yaga masa riga, ba don liman ya ja shi cikin zaure ba da ban san abin da zan gaya wa maigida ba. Tun ranar bai sake shigowa unguwar ba.

Mutum ɗaya ce ta fahimci bayaninsa, kuma da ma ba ta fahimta ba. Fusena ta rasa ɗanta bara, zazzaɓi da gudawa, yaro mai wayo da ke zama kusa da tukunyata kullum yana jiran ƙanzon ƙosai. Da mutane suka watse ta tsaya a bakin rijiyar, ta dube ni ta ce, "Wato ruwan nan ne ya tafi da shi?" Ta juya ta fita. Tun daga nan in mun haɗu a lungu sai ta juya fuska, alhali tare muka yi wankan jego, goyona ma ita ta fara ɗauka.

Yanzu ga inda nake. Koren ya washe, ruwan ya koma garau kamar ba a yi komai ba, kuma mutane sun fara dawowa ɗiba, don ba su da wani wurin. Duk gugan da na ji ya faɗa ciki sai gabana ya faɗi. In na sa murfi na kulle, za a ce matar ɗa ta karya wasiyyar suruki ta hana Musulmi ruwa a tsakiyar rani. In na bari, ni na san abin da ke ciki. Na ce da wasu su tafasa, suka ce in ba su itacen. Na daina koko, ba mai saye ma.

Dattawan layi sun aiko mini. Suna so in je gaban mai unguwa in ce baƙin nan ba da izinina suka shigo ba, don a kai ƙara a hana su sake taka Zango. Sun ce in na yi haka za a rufa mini asiri wajen maigida. Moro kuma ya aiko cewa malaminsa zai rubuta abin da suka gano ya kai ofishin lafiya. Kin san 'yan duba-gari da muke ce wa tankas, kan tsutsa a randa ma sammaci suke bayarwa, balle wannan. Ina jin tsoron su zo su cike rijiyar da ƙasa, maigida ya dawo ya tarar da abin da ubansa ya bari ya zama juji, ƙaninsa ya zama abin jifa, duk a hannuna.

Abin da ya fi duka, Gwaggo, autata Rakiatu jikinta ya yi zafi tun shekaranjiya, ba ta cin abinci, tana riƙe ciki. Na ba ta jiƙo bai sauka ba. Ina tsoron kai ta asibiti su tambaye ni ruwan da take sha, maganar ta kai kunnen tankas ta bakina. In na dube ta kwance sai in ga ɗan Fusena. Ki gaya mini abin da zan yi, ko in kwashe yarana in tafi gidanmu kafin maigida ya dawo?

'Yarki,
Mai Koko, Moshi Zango

'Yata Mai Koko,

Ajiye jaridar nan ki goya Rakiatu ki kai ta asibiti, sauran maganar ki karanta in kin dawo. Da na samu wasiƙarki na aika wata ma'aikaciyar jinya da na sani ta neme ki a unguwarku, ina fata ta riga wannan shafin isowa. In likita ya tambayi ruwan da take sha, ki gaya masa komai, har da abin da aka gani a madubi, don da shi zai san maganin da zai ba ta. Zazzaɓin ciki yana jin magani in an kai shi da wuri. Sammaci kuwa ana zuwa kotu a dawo gida.

Rinin nan bai ɓata rijiyarku ba. Hanyar da ya bi daga salga zuwa guga ta daɗe a buɗe, shi dai ya zo da launin da ido zai gani. Ba ke kika haƙa salgar ba, surukinki kuma da ya haƙa rijiyarsa babu gidaje da jama'a haka a kan tudun. Amma ba zan wanke ki tas ba. An gaya miki ki tafasa ruwa kin yi dariya, an gaya miki launi zai fito kin yi shiru, har maƙwabta suka gamu da abin babu shiri. Moro da malaminsa su ma sun yi wauta. Rijiyar da layi guda ke sha ba a gwaji a kanta da izinin mace ɗaya wadda mijinta ba ya gari. Mai unguwa da liman ya kamata su fara samu, Moro kuwa ɗan Zango ne, ya san haka. Kada ki ga laifin mutanenku da yawa. Wanda ya saba ganin hukuma ba ta shigowa unguwarsa sai da sammaci, in ya ga ruwansa ya canza launi bayan zuwan baƙo, dole ya yi zato.

Maganar dattawa, kada ki yi. Ƙarya ce, kuma za ki jefa ƙanin mijinki cikin wuta don ki tsira, ranar da maigida ya ji gaskiya kuwa ƙaryar ce za ta fi yi masa ciwo. Ki je wurin liman, tun da shi ya ceci Moro, ki gaya masa yadda aka yi daga farko. Ki roƙe shi ya sa a kira Baturen da Moro gaban mai unguwa, su zo da madubinsu, dattawa su leƙa da idonsu. A wurin nan a nemi Baturen, tun da zai rubuta cutar, ya rubuta har da maganinta, wato a tashi salgar daga kan tudu, a kuma jawo famfo zuwa layinku. Takardar mai bincike tana shiga ofishin da ƙafar talaka ba ta kaiwa, gara ku hau ta da ku kore ta. Ba zan yi miki alkawarin ba za a rufe rijiyar ba. Mai yiwuwa a rufe, mai yiwuwa a gina mata baki da siminti a bar ta don wanki. Ko wanne aka yi, surukinki ruwa ya yi wasiyya a ba mutane, bai ce a ba su ciwo ba.

Kafin nan kada ki kulle, kada kuma ki yi shiru. Duk wadda ta zo da guga ki gaya mata a fili cewa na wanki ne, na sha sai an tafasa. Babbar tukunyar kokonki tana zaune ba aiki, ki ɗora ta a ƙofar gida, kowace mace ta kawo itace ɗaya ta ɗebi tafasasshe. Za su yi gunaguni, amma za su zo. In kin koma sana'a, ruwan tace koko da na wanke ƙoƙuna ma ki tafasa.

Gidanku ba za ki tafi ba. Gobe ki je tasha ki sami direban Bawku da maigida ya sani, ki ba shi saƙo, ya ji daga bakinki kafin 'yan kai-da-kawo su kai masa nasu. Namijin da ya dawo ya tarar matarsa ta tsaya a kan gidansa da 'yarsa, fushinsa ba ya daɗewa.

Saura Fusena. Ni da ke da Baturen duka ba wanda ya san abin da ya ɗauki ɗanta, kada ki ce ruwan ne, kada ki rantse ba shi ba ne. Ba gaba take da ke ba, mutuwar ce ta dawo mata sabuwa, kuma fuskarki ce mafi kusa. Ki shiga ɗakinta ba tare da bayani ba, ki zauna, in ta yi kuka ku yi tare. In ta kore ki, ki koma jibi.

Allah ya ba Rakiatu lafiya, ya dawo da maigida cikin aminci, ya sanyaya zuciyar maƙwabciyarki da taki.

Gwaggonki,
Hajo