Kuskuren agogona ya raba matar aure da aikinta, yanzu kuma yana neman aurenta

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma ina roƙon ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina ninkinsa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Sunayen da zan ambata duk na aro ne.

Ni ɗan Potiskum ne, shekarata talatin da ɗaya, a unguwar Ngojin nake zaune da mahaifiyata. Kwamfuta na karanta, ina da ɗan shagon gyara. Akwai wani dattijo aminin mahaifina, asalinsu mutanen Borno ne, Baba Alhaji nake ce masa. Tun da mahaifina ya rasu shi ya tsaya tsayin daka a kan karatuna har na gama, bai taɓa goranta mini ba. Yana da tireloli masu lodin shanu da hatsi zuwa Kudu. Babbar damuwarsa ita ce kiran direbobi. Taya ta fashe a kira shi, an tare mota a hanya a kira shi, yana masallaci ko yana cin abinci wayarsa ba ta hutawa, ga hawan jini ya sa shi gaba. Wata rana ya ce mini, "Kai da ka yi boko, babu yadda za a yi a raba ni da wannan masifar?" Na ce akwai, Baba. Na ce za a kafa sabar waya a ofis, wato kwamfuta guda da za ta riƙa karɓar kira ta intanet tana rarraba shi ga wayoyin tebur, lamba ɗaya tak direbobi za su sani. Ya ce, "Ka iya?" Na ce na iya. Wallahi ban taɓa yi ba, a bidiyo kawai na gani. Amma ta yaya zan kalli mutumin da ya ɗauki nauyin karatuna in ce masa ban iya ba?

Sati biyu na yi ina fama. Farko wayoyin tebur suka ƙi gane sabar gaba ɗaya, sai da na gano lambobin sirrin da na zuba musu ba su yi daidai da na cikinta ba. Na gyara wannan, sai ga wata sabuwa: mai kira yana jin ka, kai ba ka jin sa, kana ta "alo, alo" kamar mai magana da bango. Kwana huɗu na yi a kan wannan kafin na gane rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, ce ke toshe hanyar da murya ke bi. Da na buɗe, sai kira ya riƙa katsewa da kansa bayan rabin minti. Na rame, na daina cin abincin kirki, Mama tana tambayata ko ba ni da lafiya. Daga ƙarshe dai Allah ya taimake ni komai ya daidaita. Na tsara cewa daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyar na yamma kira ya tafi teburin mai amsa waya, in ba cikin wannan lokacin ba kuma ya wuce wayar manaja. Baba Alhaji ya canza layinsa, ya hana a ba direbobi, ya riƙa nuna ni ga abokansa yana cewa, "Ga injiniyana nan."

Mai amsa wayar ita ce Rakiya, 'yar garin Mamudo ce, tana aure a unguwar Bolewa, 'ya'yanta biyu. Mace ce mai kamun kai, ita ke riƙe da makullin ofis, ita ke fara zuwa. Maigadi yana tashi ƙarfe bakwai, sauran ma'aikata kuwa sai wajen tara ko goma suke shigowa saboda yawanci daga tasha suke farawa. Ke nan daga takwas zuwa tara ita kaɗai ce a ofis.

Wata uku da fara aiki aka kawo wuta mai ƙarfi ta lalata ma'ajiyar kwamfutar. Na sa sabuwa, na sake zuba komai daga farko cikin gaggawa a yini ɗaya, na gwada da rana na ga kira yana shiga, na kama gabana. Ba a yi sati ba direbobi suka fara ƙorafi wai da safe ba a ɗaukar waya. Duk lokacin da aka gaya mini sai in leƙo da hantsi ko bayan Azahar, in kira da wayata, ta tebur ta yi ƙara, in ce ai ga shi lafiya lau. Rakiya ta ce mini, "Injiniya, ni fa da safen nan shiru nake ji, wayar ba ta ko motsi sai tara ta wuce." Na yi dariya na ce wataƙila direbobin barci suke yi. Ban buɗe rajistar kira na duba ba. Me ya hana ni? Girman kai, da kuma tsoron taɓa abin da na sha wuya kafin ya tsaya.

Sai ranar da abin ya faru. Wani sabon direba, Modu, ya ɗauko shanu, injinsa ya buga a dajin da babu gari kusa. Lambar ofis kaɗai aka ba shi. Ya yi ta kira tun takwas da 'yan mintuna, yana jin tana shiga ba a ɗauka, har cajinsa ya ƙare. Sai bayan La'asar ya samu wanda ya ara masa waya. Lokacin zafi ne, shanun a cunkushe, uku suka mutu a cikin motar kafin a kai ɗauki, kuma na amanar mutane ne. Ban taɓa ganin ran Baba Alhaji ya ɓaci haka ba. Ya tara mu a ofis, ya dube ni ya ce, "Ɗana, na'urarka lafiya take ko ba lafiya ba?" Na ce, "Lafiya ƙalau take, Baba, yanzu ma na gwada." Ya juya ga Rakiya ya ce, "To ke ina kike daga takwas zuwa tara?" Ta ce, "Wallahi Alhaji a kujerar nan nake, wayar ce ba ta yi ƙara ba." Ya ce, "Waya ba ta ƙarya, mutum ke yi. Ajiye makullin." Ta ajiye, ta ɗauki jakarta ta fita. A ranar, Allah ya sani, na ɗauka gaskiya na faɗa.

Mijinta Malam Idi tela ne. Ya je ba Baba Alhaji haƙuri, shi kuma cikin fushi ya ce masa, "Matarka ba ta zuwa aiki sai tara, wata guda ke nan direbobi suna kuka." Kun ga inda maganar ta juya ko? Mace tana fita gida bakwai da rabi kullum, an ce ba ta isa ofis sai tara. To ina take zuwa? Kun san garinmu, magana ba ta kwana. Aka fara cewa an gan ta a keke napep da wani, aka ce a'a a mota ce. Babu wanda ya ga komai, amma kowa yana da labari.

Kwana goma sha biyu bayan haka na je ofis da sassafe don in canza wani batir. Ɗan ƙanwar Baba Alhaji da aka ba kujerar Rakiya bai iso ba, shi dama sai goma yake zuwa, manaja ne ya ba ni makulli. Da na gama, wajen takwas da minti ashirin, sai na kira lambar ofis don gwaji. Ina jin tana shiga a kunnena, wayar tebur tana gabana shiru kamar dutse. Na sake kira, shiru. Na buɗe sabar, idona ya sauka a kan agogonta: bakwai da minti ashirin. Da na sake zuba komai ranar nan, na manta ban mayar da ita agogon Najeriya ba, tana nan a agogon GMT, awa guda baya. A wurin sabar ofis bai buɗe ba sai tara tamu ta yi. Kiran da ya kamata ya wuce wayar manaja kuma, na bar wata lambar gwaji a gurbin, lambar da ba ta haɗe da kowace waya. Mai kira zai ji tana shiga har ya gaji, babu inda take ƙara a duniya. Na buɗe rajista, ga kiran Modu nan a jere, sau goma sha bakwai, babu ko ɗaya da ya isa teburin Rakiya. Na zauna a ƙasa.

Me kuke tsammani na yi? Na gyara agogon, na sa lambar manaja, duka bai ɗauke ni minti biyu ba. Na kulle ofis na tafi shago. Na ce gobe zan faɗa. Gobe ta yi na ce jibi. Duk lokacin da na doshi Baba Alhaji sai in tuna shanun nan uku, in tuna yadda ya haɗa ni da abokansa biyu zan kafa musu irin wannan, in tuna Mama da take cewa duk abin da na zama albarkacinsa ne, sai in fasa.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Wata ranar Asabar ina shago sai ga Malam Idi, ya rame, idonsa ja. Muka gaisa, ya ce, "Malam, ni ban san kan waɗannan na'urori ba, an ce kai ka haɗa. Tsakaninka da Allah, zai yiwu a kira waya ta ƙi yin ƙara? Ita ta rantse mini, ni kuma ina so in yarda da ita. Kalma ɗaya nake nema daga bakinka." Ga mutum ya kawo mini aurensa a tafin hannu. Na sunkuyar da kai ina juya sukundireba, na ji bakina yana cewa, "Gaskiya ni dai ban ga wata matsala ba." Ya ce, "To, na gode," ya fita. Wannan karon ina sane na yi ƙarya. Washegari ya ce wa Rakiya ta tafi gidansu ta huta, yanzu sati uku ke nan tana Mamudo, an raba ta da babban ɗanta.

Shekaranjiya ta kira ni. Da na ga lambarta kamar kada in ɗauka. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, "Injiniya, ban kira don aiki ba, aiki ya tafi na bar wa Allah. Mutuncina nake nema. Mahaifina ya daina zama a majalisa saboda ni. Ka taimake ni ka sake dubawa ko sau ɗaya ne, wataƙila akwai abin da ya shige maka. Ni na san kai mutumin kirki ne, ba za ka cuce ni da gangan ba." Na ce zan duba. Da ta kashe na rufe shago da rana tsaka, na zauna a ciki ina kuka kamar ƙaramin yaro. Sallah ma in na tayar ban san raka'a nawa na yi ba. Wace addu'a zan yi ta karɓu alhali haƙƙin baiwar Allah yana wuyana?

Yanzu ga inda ake. Mahaifinta da wasu dattawa biyu sun nemi zama da Baba Alhaji ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma Malam Idi ya ce abin da aka tabbatar a zaman nan shi zai yanke makomar aurensu. Jiya Baba Alhaji ya kira ni ya ce, "Ka zo da takardar kiran nan ka nuna musu, in sun ce ka dafa Alƙur'ani ka dafa, ai kai ba ka da abin ɓoyewa." Rajistar tana nan ban goge ba, duk da sau biyu na kai hannu zan goge na fasa. In na buga ta yadda take, ta wanke Rakiya ta kama ni. Zan tsaya gaban mutumin da ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa in ce masa ni na jawo asarar shanun, na bari ya kori marar laifi, na sa ya ɓata sunan matar mutane da bakinsa, sannan na sani na yi shiru fiye da wata guda. Ga ciwonsa, ina tsoron abin da jin wannan zai yi masa. Ga Mama, ban san da wane ido za ta ƙara shiga gidansa ba.

Na san gaskiya ce mafita, ba sai an gaya mini ba. Abin da ban sani ba shi ne ta ina zan fara. In je wurin Baba Alhaji ni kaɗai kafin Juma'a, ko in nemi wani malami ya raka ni? In fara zuwa wurin Malam Idi, tunda shi na yi wa ƙarya ido da ido? Ko in hau mota in tafi Mamudo in durƙusa gaban mahaifinta? Kuma ko na faɗa, wa zai bi gida gida a Bolewa ya kwashe maganar da aka riga aka watsa a kanta?

Yau Laraba. Don Allah 'yan'uwa, me zan yi?