Idon Yayanki

Magama, Jibiya
Satumba, 2023

Zuwa ga Rahama, ƙanwata kuma abokiyar faɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki? Yaya Maraɗi da ruwan bana? Mu nan sai godiyar Allah.

Abdu mai babur ya kawo mini ƙorafinki, wai kin gaji da kirana ba na ɗauka. Ki yi haƙuri, ba fushi ba ne. Muryarki ce iri ɗaya da ta yayanki, musamman wannan "to, to" ɗin da kuke yi in kuna son mutum ya gama magana. In na ji sai mu ɓata kuɗin waya muna kuka. Tunda Abdu yana ratsa daji da saƙon mutane tun da aka rufe iyaka, bari in riƙa ba shi takarda.

Na fita takaba. Babana ya aiko daga garinmu Kusa in tattara in koma gida, na roƙe shi ya bar ni zuwa bayan kaka, ya yarda ba don ransa ya so ba. Na buɗe shagon hoton yayanki. Ba za ki gane Magama ba yanzu. Kamiyo, manyan motocin kayan nan, sun yi layi har ido ya gaji, direbobi suna girki a ƙarƙashin motocinsu, albasa tana ruɓewa a buhu. Ba mai neman hoton fasfo, tunda ba mai zuwa ko'ina.

Na ciro kyamarar daga jakarta. Kin san ta, baƙar nan mai nauyi da ake sauya wa gilashin gaba, wadda kike cewa ita ce uwargida ni ce amarya. Igiyar wuyanta har yanzu tana ƙamshin turarensa. Da na kafa ido a 'yar tagar da ake leƙawa sai na ga komai dishi-dishi. Na ɗauka hawaye ne, na share. Na ɗauka ƙura ce, na goge da bakin mayafi. Abin mamaki, in na danna, hoton da ke fitowa a allon bayanta tar yake, ba abin da ya same shi.

Na kai wa Hezekiya, abokinsa mai wanke hotuna a cikin gari. Ya leƙa sau ɗaya ya yi dariya, ya ce lafiyarta lau. Ya nuna mini wani ɗan abin murzawa a gefen tagar, mai haƙora kamar na agogon hannu, wanda ban taɓa lura da shi ba. Wai da shi kowane mai kyamara yake daidaita tagar da ƙarfin idonsa, ba ruwansa da hoton da za a ɗauka. Kin tuna idon yayanki. Yana karanta lambar mota tun daga shingen duwan, wato 'yan kwastan, amma in aka ba shi takarda sai ya miƙa ta can nesa kamar zai ba wani. Tabarau kuwa ya ce sai dai bayan ransa, wai zai tsufar da shi. To ashe a jikin kyamarar ya sa nasa tabaraun, ba wanda ya sani.

Hezekiya ya ɗora babban yatsa zai murza mini. Rahama, ban san lokacin da na fizge ta daga hannunsa ba. Na ji kunya, shi kuma bawan Allah ya gane, ya sunkuyar da kai ya shiga neman abin da bai ɓata ba a cikin durowa.

An raba kayansa, an ba da rigunansa sadaka, ɗakin ma an share. Wannan saitin kaɗai ya rage yadda hannunsa ya bar shi, kuma ba zan taɓa shi ba. Ki kira ni mahaukaciya in kin so, dama kin saba.

Ki gaishe da maigidan. Allah ya sauke ki lafiya.

Taki,
Zulfa


Magama, Jibiya
Oktoba, 2023

Zuwa ga maijego Rahama,

Assalamu alaikum. Barka, barka da arziki! Yaya jikin, yaya ruwan zafi? Yaya angona? Na ji an mayar masa da sunan marigayi. Kun gama da ni, yanzu shi ma ba ni da bakin kiran sunansa. Allah ya raya shi, ya ba shi halin mai sunan, ban da taurin kai.

Kin tambaya yadda nake aiki da abin da ba na gani sosai. Da kunne nake yi. In na danna maɓallin rabi, sai gilashin ya juya da kansa ya nemo fuskar mutum, ta yi ɗan kuka ƙit-ƙit, sai in ƙarasa dannawa. A rana ba ta taɓa ba ni kunya ba. Matan unguwa sun fara kirana suna da walima, sun ce gara ni, ina shiga har ƙuryar ɗaki ba sai an nemi mayafi ba. Akwai ɗan gajeren gilashin nan da yake ji da shi, wanda ke fito da mutum ya narkar da abin da ke bayansa. Amare suna sonsa, don ba a ganin kwanukan wanke-wanke. Batirinta kuwa sai in yi kwanaki ban nemi wuta ba. Nauyin ne dai, in na dawo kafaɗata kamar na yi dakan gero.

Da la'asar in ba kowa, nakan zauna a bakin shago in leƙa hanyar Ɗan Isa ta cikin tagar. Motocin su zama inuwa, mutane su zama tabo-tabo. Hezekiya ya ce in daina wahalar da idona, ai ba haka marigayi yake gani ba, shi a wannan saitin tar yake ganin komai. Na sani. Abin da nake so ke nan. In na leƙa sai in ji kamar na shigo ɗaki na tarar da tabarmar wani a shimfiɗe, ya ɗan fita ne zai dawo. Kewa tana damuna ƙwarai, Rahama. Yini guda sai in ƙirga bakin da na yi magana da shi in ga duk masu cewa a gyara musu ɗankwali ne.

Game da saƙonki na hoton Inna. Na duba memori ɗinsa kaf, na kwashe kwanaki ina yi. Akwai rabin Jibiya a ciki, akwai raƙuma, akwai ke kina hamma a bikin Rabi'a, amma babu Inna ko ɗaya. Kin fi ni sanin dalili. Ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, balle ta zauna ya auna ta da kyamara. Ya sha gaya mini cewa da ta hango shi da jakar sai ta shige madafa. Yakan yi dariya in yana faɗa, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Ba zan ɓoye miki ba, jikin nata ya yi nauyi tun rasuwar. Na je Bugaje na gan ta, ba ta tashi sai an tayar. Na san ba halin ki hau babur ki ratsa daji da ɗanyen jego, kada ma ki fara wannan tunanin. Zan san yadda na yi.

Ki shafa mini kan angon.

Taki,
Zulfa


Magama, Jibiya
Nuwamba, 2023

Rahama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da yaron. Wannan gajeruwa ce, Abdu yana tsaye a kaina yana kaɗa makulli.

Hoton Inna da aka turo miki ta waya, wanda kika ce ya hana ki barci, ki goge shi. A ɓoye aka ɗauka, ɗakin da duhu, shi ya sa ta fito kamar ba ita ba. Da ta ji labari ta yi faɗa sosai, ta ce kada wanda ya ƙara haska mata waya a fuska.

Jiya sai ga saƙo daga bakinta. Wai a gaya mini in taho da "abin nan na yaron nan", ta yarda a ɗauke ta a kai miki. Na zauna na rasa abin da ke mini daɗi. Shekara nawa yayanki yana roƙo!

Tsorona ɗaya. Hezekiya ya ce a ɗaki mai duhu kyamarar ba ta iya nemo fuska da kanta, sai an murza gilashin da hannu, mai murzawa kuma dole ya ga abin da yake yi. Tsohuwar ƙira ce, allonta ba ya nuna komai sai bayan an ɗauka. Filasha kuma idon Inna ba zai ɗauka ba. Na ce masa zan sa a fito da ita tsakar gida, rana ta yi mana aikin. Ya ce Allah ya sa. Ki taya ni addu'a in samo miki Inna ba tare da na taɓa abin nan ba.

Taki,
Zulfa


Magama, Jibiya
Nuwamba, 2023

Zuwa ga ƙanwata Rahama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Inna tana gaishe ki, ta ce ki riƙa shan kunun kanwa ki bar son jiki. Jikin nata yana nan yadda yake, sai dai addu'a.

Na je Bugaje da safe a motar 'yan kasuwa. Na tarar an yi mata wanka, ta sa an ciro mata zanen saƙin nan baƙi na ƙasan akwati, ta sa kwalli. Rabon da in ga Inna da kwalli tun kafin azumi. Muka yi niyyar fito da ita, amma da aka ɗaga ta sai ta yi ƙara, bayan ya ƙi. Dole aka jingina ta da bango a kan gadonta, aka yaye labulen ƙofa. Hasken da ya shigo bai fi na fitilar ƙwai ba.

Na durƙusa na danna rabi. Gilashin ya yi gaba, ya yi baya, ya sake yin gaba, kukan nan bai zo ba. Na mayar da ita saitin hannu na murza da ka, na ɗauka, na duba allo. Jeren kwanukan da ke bayanta ne suka fito tar, Inna kuwa hayaƙi. Na sake, wannan karon ƙafar gadon na samu. Duk wannan abin kanta yana sunkuye, tana kallon hannuwanta, yadda take yi in yana ɗakin. Ina ji numfashinta yana ƙara nauyi, matar ƙanin marigayi tana cewa a bari haka nan a kwantar da ita.

Sai Inna ta ɗago kai. Ta dubi cikin gilashin kai tsaye, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, Rahama, a bakin Inna, a gaban mutane. Ta ce, "Ga ni, ɗauki." Ta ɗan jira, sannan ta ce da ni, "Mi kike jira, ɗiyata? Wuyan nan ba ya daɗewa."

Ina leƙe ta tagar, abin da ya nema duk rayuwarsa yana gabana, ni kuma ba na ganin komai sai baƙin zane da farin bango. Na so a ce ta saitin idonsa kallon nan ya shiga. Wallahi na so. Amma da na bar shi haka, da ke ba ki samu ba, shi ma bai samu ba.

Na sa yatsa na murza ɗan abin nan na gefen tagar. Bai yi gardama ba ko kaɗan, ɗan ƙas-ƙas kawai ya yi. Sai ga lambobin cikin tagar sun fito, na juya gilashin, sai ga Inna. Zanen fuskarta, kwallin da ya ɗan zarce a ido ɗaya, ruwan da ya taru bai zubo ba. Na danna sau ɗaya. Kafin in sake, kanta ya koma ƙasa, aka kwantar da ita.

A mota na ce bari in mayar da shi inda yake. Ban san sau nawa na murza ba, hankalina ba ya wurin. Ba a ƙarshe ya ajiye shi ba balle in kai shi bango in huta, wani wuri ne a tsakiya. Na yi gaba, na yi baya, kowanne dishi-dishi ne, kuma ba wanda zan rantse nasa ne. Har muka iso Magama ina yi. Daga baya na ga wasa nake da hankalina, na mayar da shi daidai idona na bar shi.

Hezekiya ya wanke hoton babba. Ga shi nan cikin ambulan tsakanin kwali biyu, na gargaɗi Abdu kada ya lanƙwasa. Ki sa shi inda rana ba ta bugu. In yaron ya yi wayo ki nuna masa, ki ce mai sunansa ake kallo.

Yau da la'asar na zauna a bakin shago na leƙa hanyar Ɗan Isa kamar kullum. Komai tar, har lambar motoci ina karantawa. Na juyo da ita cikin shagon, na ga bencin, na ga labulen hoton, na ga ƙusar da yake rataye hularsa. Da can in na leƙa nakan ce wataƙila akwai abin da idona ne bai kai ba. Yanzu na gani da kyau, Rahama, ba kowa.

Ki kira ni ranar Juma'a. Zan ɗauka, ko da kukan za mu yi.

Ki gaishe da maigidan, ki sumbaci yaron. Allah ya buɗe hanya ki zo ki same ta.

Taki har kullum,
Zulfa