Tun da Yaya Ta Fara Gode Mini

Dubai Investments Park,
6 ga Janairu, 2018.

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar, ya mutanen Gwammaja? Hajiya Mariya ta gama sayen abayoyinta a Deira, jibi za ta taso Kano, shi ne na ce bari in rubuto, tunda kunnen nan naki ya hana mu waya.

Umma, akwai magana. Ban san laifin da na yi wa Yaya Khairu ba, amma na yi wani abu.

Shekarata uku a gidan nan ina renon 'yarta Muhsinat ina girki, kin dai san Yaya. Ta faɗo ɗakina ba sallama, ta baje a gadona, ta ƙarar mini da man shafawa, ta tashi tana cewa ni na ɓatar mata da ɗankwali. To yau sati uku ke nan sai ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta tsaya a waje har sai na ce ta shigo. Ranar farko na ɗauka mai gyaran AC ne, har na yafa mayafi.

Na kai mata shayi ta ce ta gode. Na ɗauke kofin ta sake cewa ta gode. Umma, yaushe aka fara yi wa ƙanwa godiya a kan shayi?

Abin da ya fi damuna shi ne abinci. Da, in Abban Muhsinat ya tafi aiki Al Quoz, tire ɗaya muke ci a kan kafet, tana tsince naman gabana. Yanzu ta sayo ɗan tebur ta ajiye mini a kicin, da faranti sabo, wai in ci a natse ba mai aikena. Ta kuma ce daga yau kowace Asabar tawa ce, kada in taɓa ko cokali. Na ce in yi me da ita? Ta ce abin da na ga dama.

Abin da na lura kawai, tun da ta fara kallon wani fim ɗin Turawan Ingila ne haka ta soma. Mai dogon zango ne, na mutanen da, wani ƙaton gida, masu gida a sama, masu aiki a ƙasa. Tare muke kallo bayan la'asar. Ni dariya yake ba ni, ita kuwa sai ta yi ta share hawaye tana satar kallona.

Don Allah ki bincika mini. In wani abin na yi, a faɗa mini in ba da haƙuri. Wallahi na fi son zagin.

Ki gaida Inna Zaituna. Allah Ya ƙara lafiya.

'Yarki,
Suwaiba.

Gwammaja, Kano,
19 ga Janairu, 2018.

Khairunnisa,

Bayan sallama, ina fata ke da maigidanki da ƙawata Muhsinat kuna lafiya. Ƙafa da sauƙi.

Ba zan yi dogon zance ba. Me Suwaiba ta yi miki? An ce kin ware mata kwano, kin daina zaginta, har godiya kike mata. Na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare, na san in malami ya daina yi wa ɗalibi faɗa to ya cire shi daga ransa. Yarinyar nan tana da shekara huɗu ƙanwata ta rasu na ɗauko ta, katifa ɗaya kuka tashi. In sata ta yi ki faɗa mini, in rashin kunya ce ki faɗa mini. In kuma maigidanki ne ya gaji da ita, ba sai an wulaƙanta ta da ladabi ba, a sako ta jirgi.

An kuma ce wai fim ne. Wannan ban gane ba.

Ki ba Hajiya Mariya amsa, kada ki ce aikin kantin magani ya hana ki.

Mahaifiyarki.

Dubai Investments Park,
2 ga Fabrairu, 2018.

Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na samu wasiƙarki, na karanta ta sau uku a wurin aiki. Ina gaishe ki da girmamawa.

Suwaiba ba ta yi komai ba. Ni ce na yi, kuma gyarawa nake ƙoƙarin yi, ban san yadda aka yi gyaran ya zama laifi ba.

Zan yi bayanin fim ɗin. A ciki akwai wata mai aiki da ta shekara goma sha ɗaya tana tsefe wa uwar gidan kai tana shirya mata kaya. Wata rana uwar gidan ta riƙe hannunta ta ce mata ita fa kamar 'yar gida take. Yarinyar ta yi godiya, ta sauka ƙasa ta ci abincinta a tsaye, don an sake kaɗa ƙararrawa. Kamar 'yar gida, Umma. Wannan maganar ita nake faɗa wa abokan aikina duk lokacin da suka tambaye ni wace ce Suwaiba.

A satin ne kuma na ɗauko takardunta, don bizarta za ta ƙare ranar ashirin ga Maris. Kin san bizar mai aikin gida muka yi mata, ita ce hanyar da ta samu a lokacin. Ban taɓa tsayawa na karanta ba sai ranar. A gaban sunanta an rubuta khaddama, wato 'yar aiki da Larabci.

Sai na zauna na yi tunani. Masu aikin da ke cikin fim ɗin ma, na shekara ɗari da suka wuce, suna da rabin yini na hutu. Suwaiba shekara uku ba ta da shi. Ba ta taɓa cinye abinci ban aike ta ba. Da za mu taho da ita, a gabanki na yi alkawarin sa ta makarantar ɗinki. Ko allura ban saya mata ba. Na ga ina cin moriyarta a matsayin mai aiki, in an zo hakkinta kuma sai in ce ai ƙanwata ce.

Shi ya sa na ba ta Asabar, na ba ta teburinta, nake neman izini kafin in shiga ɗakinta. Na zaci za ta ji daɗi. Sai ga shi ta daina dariya, tana amsa mini da "to, Yaya" kamar baƙuwa. Jiya na ce ta kawo fasfonta a sabunta biza, ta ce in dakata tukuna. Wallahi Umma kaina ya ɗaure.

Na saka miki fim ɗin a filashi, akwai rubutun abin da suke faɗa a ƙasa. Ki kalla a talabijin ɗin Inna Zaituna, wataƙila ki ga abin da na gani.

Ki yafe mini in na ɓata miki rai. Allah Ya ja kwana.

'Yarki mai biyayya,
Khairunnisa.

Dubai Investments Park,
3 ga Fabrairu, 2018.

Ummata,

Sallama da gaisuwa. Na ga Yaya ta ba Hajiya Mariya ambulan, ban san me ta rubuta ba, ga tawa.

Bari in ba ki labarin Asabar ɗina. Na yi wanka na shirya, Muhsinat ta riƙe mini zane tana kuka, Yaya ta ɓamɓare ta ta ce yalla, in tafi in huta. Na hau bas na sauka a wani mol, irin manyan kantunan nan. Na zaga sau biyu. Na zauna a benci kusa da wasu 'yan Filifin, su ma ranar hutunsu ce, ɗaya ta miƙo mini biskit ta tambaye ni ko madam ɗina tana da kirki. Na ce ba madam ba ce, yayata ce. Ta yi dariya ta ce ita ma haka tata take cewa. Tun azahar na dawo, na zauna a matakalar bene har la'asar don kada Yaya ta ce ban huta ba.

A matakalar nan na gane abin da ya faru. Umma, a fim ɗin akwai autar gidan, mai baki, wadda take satar wa yayarta safar hannu, suna faɗa suna shiryawa. Duk kallon da muke yi, ni ita nake ɗaukar kaina. Har nakan ce a raina, ga ni nan ga Yaya. Ashe duk hawayen da Yaya take yi tana kallona, mai tsefe kan nan take gani. Ni ina zaune kusa da ita a sama, ita ta riga ta sauke ni ƙasa.

To in mai aiki ce ni, aikin ya ishe ni. Ban zo Dubai aikatau ba, gidan yayata na zo. Ba zan ba da fasfo ba. In biza ta ƙare a watan Maris zan dawo gida, ko ba komai ke za ki zage ni.

Muhsinat ce kawai. Ba ta barci sai ta riƙe kunnena. Ban san yadda zan yi da wannan ba.

Kada ki gaya wa Yaya tukuna.

Taki,
Suwaiba.

Gwammaja, Kano,
24 ga Fabrairu, 2018.

Khairunnisa da Suwaiba,

Bayan sallama. Takarda ɗaya na rubuta muku, ku zauna wuri ɗaya ku karanta. Na haɗo da wasiƙunku, kowacce ta karanta ta 'yar'uwarta. Suwaiba, kin ce kada in faɗa, ban faɗa ba, aikowa na yi.

Na kalli fim ɗinku, ni da Zaituna, kwana tara muna fama. Turancin ta hanci suke yi, rubutun kuma kafin in kai tsakiya ya gudu. Kashi biyu muka yi muna ɗauka dattijon nan mai baƙar kwat shi ne maigidan, don shi kaɗai ke da kwarjini, ashe shugaban masu aiki ne. Maigidan kuwa mun yi ta yi masa sannu, mun zaci shanyewar jiki gare shi, tunda ƙato da shi wani ne ke saka masa riga. Cokali bakwai a gaban mutum ɗaya, abincin bai kai loma uku ba. Mutum sama da ashirin a gida, ban ga an yi wa kowa tayi ba. Zaituna ta ce ko makoki suke yi. Har yanzu ban san wa ke auren wa ba.

Na nemi Suwaiba a ciki ban gan ta ba, na nemi Khairunnisa ban gan ta ba. Na dai ga uwar gidan nan da ta riƙe hannun yarinya ta ce kamar 'yar gida take. Zaituna ta ce in mayar baya ta sake gani, na ce a'a, ya isa.

Khairunnisa, ke sakarya ce. Wa ya ce miki ana biyan hakkin ɗan'uwa da ware masa kwano? Turawan nan ba su san yadda ake cin tire ɗaya ba, shi ya sa suka ƙirƙiro godiya. Kin ɗauko maganinsu kin ɗura wa wadda ba ciwonsu take yi ba.

Amma ciwon akwai shi, kuma ba ke kika fara ba. Katifa ɗaya na kwantar da ku, gaskiya ne. Da asuba kuwa wa nake tasa ta hura wuta? Da kuka gama sakandare, ɗaya na kai jami'a, ɗaya na ce ta ɗan taya ni zama tukuna saboda ƙafata. Tukunan nan yau shekara tara. Ban taɓa kiranta 'yar riƙo ba, ban kuma taɓa tambayarta me take so ta zama ba. Na ɗauka tunda ina zaginta kamar 'yata, shi ke nan na gama.

Suwaiba, ke kika san amsar da za ki ba yayarki a kan fasfo. In kin dawo ɗakinki na nan. In kin zauna, ban yarda ki zauna yadda kike da ba, ban kuma yarda da teburin kicin ba. Yadda za a haɗa biyun, ban sani ba. Ku da kuka iya kallon fim ku nemo.

Ki yafe mini, 'yar Mairo. Rabona da kiran sunan uwarki har na manta.

Allah Ya yi muku albarka.

Ummanku.

Dubai Investments Park,
10 ga Maris, 2018.

Ummata,

Sallama da gaisuwa. Ba abin yafewa, amma na yafe.

Mun karanta. Washegari ina shafa mai sai ga Yaya ta banko ƙofa ta ce, "Ke dalla ina kika jefa mini ɗankwali?" Na ce yana kanta. Teburin yanzu keken ɗinki ne a kai, wani tela ɗan Pakistan a Satwa zai riƙa koya mini yanka.

Na ba da fasfo, an sabunta biza ta shekara ɗaya. Abin da ke rubuce gaban sunana bai canza ba, na sa ta nuna mini na gani da idona.

Jiya mun kalli kashin ƙarshe, tire ɗaya, ta tsince mini nama. Da aka nuno autar da mai tsefe kai a ɗaki ɗaya, na tambaye ta wacce ce ni. Ta ce wallahi ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba, Umma.

Da safen nan ta ce in ɗan ɗora mata shayi. Na ce yau Asabar.

'Yarki,
Suwaiba 'yar Mairo.