Rakiya Ba Ta Yi Rashin Kunya Ba, A Buɗe Mana Ordinatar

Zuwa ga mai girma Mushe Darakta, wato Malam shugaban makaranta, na lakwal ɗin unguwarmu, Matameye.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka, da masu kaki da ke riƙe da ƙasa, da alhazai, da masu jiran hadari tun daga Kurni har Ɗan Barto, da jakunan da ke jan ruwa. Ni ne Ila Mai Ordinatar, wanda ya je ci-rani Kano gadin shago ya dawo da ilimin inji cike da kai. Rubutuna kamar kaza ta bi ta kan takarda, ka yi haƙuri, amma a gaban inji ba ni da na biyu.

Na ɗaya. Ordinatar, wato kwamfuta, guda gare mu, kuran na lantarki kuma sai ya ga dama. Don haka a kan yashi nake koya wa yara. Ɗaya ya zama inji, saura su ba shi umarni: gaba, juya dama, maimaita. Dokar wasan, inji ba ya tunani. Abin da aka ce shi yake yi, har sai an ce tsaya.

Na biyu. Ranar Talata ka shigo ana tsakar wasa. Rakiya 'yar Malam Idi ce inji. Ka miƙa hannu ka ce ta zuba maka ruwa. Ta zuba. Ba ka ce tsaya ba. Buta ta ƙare a kan takalmanka da bakin rigar shaddarka. Ranka ya daɗe, wannan darasi na sha wahalar koyar da shi, kai ka gama shi nan take! Maimakon tukuici, ka kira ta marar kunya, ka ce muna ɓarnar ruwa cikin fari, ka garƙame ɗakin darasinmu da ordinatar a ciki.

Na uku. Ruwan nawa ne, ni na sayo bido, wato jarka guda. Ban kai ƙara ba.

Na huɗu, nan ba wasa. Gero ya bushe a gona. Malam Idi ya ce tunda an rufe, ran kasuwa zai tura Rakiya Kano wurin gwaggonta aikatau. Darasin nan ne kaɗai hujjar da nake riƙe ta da ita. Yarinyar da ta sa hoton mage ya zagaya allon inji da umarninta, ita za ta je wanke tukwane?

Roƙona: ka buɗe ɗakin kafin ran kasuwa, ka kuma faɗa wa ubanta da bakinka cewa ba ta yi laifi ba. Allah ya ƙara girma, ya ba mu damina, ya busar da takalmanka.

Wassalam.
Ila Mai Ordinatar

Ka aiko min da makullin yau. In da hali, a haɗo da tiya guda ta gero. Shi wannan, ko an yi ta zubawa ba zan ce tsaya ba.