Damtsen Tala

Cadakori, 4 ga Afrilu 1961

Zuwa ga matata Maijidda, gidan Baba Isaka, Gazawa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarki da ta jaririn da har yau ban gani ba, da ta su Baba da Inna. Yaya wankan jego a wannan zafin bazara? Allah ya raya mana shi.

Kar kyan rubutun nan ya ruɗe ki, ba nawa ba ne. Ina tsaye cikin shingen ƙaya ina ɗaga murya, Malam Hayatu yana can gindin gawo yana rubutawa, don an ce ko takarda tana ɗaukar ciwo. Agana ta shigo mana. An kafa bukkoki bakwai a bayan gari, an kewaye su da ƙaya, an ajiye jandarma a bakin hanya. Ni aka jefa ciki in yi jinya, tunda ta kama ni ina yaro, ita kuwa ba ta kama mutum sau biyu. Kin daɗe kina cewa fuskata kamar kaji sun yi tono a kanta. To, yau ta yi rana.

Ana cewa ƙasa ta samu 'yanci tun bara. Ni ko rijiya ba ni da izinin zuwa, sai a ajiye mana tulu a bakin shinge a ja da baya.

Ga abin da nake ta kewayewa. 'Yarmu Tala tana bukka ta uku. Yau kwana biyar, ƙuraje sun fito mata, amma tana shan kunu. Kar ki taso ko kin gama arba'in, don Allah.

Ki gaida kowa da kowa.
Mijinki, Nomau

Cadakori, 11 ga Afrilu 1961

Maijidda,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yaron. Takardar da kika sa yayanki Rabo ya rubuto ta iso, Malam ya karanto mini ita daga inda yake.

Kin ce bara ke da kanki kika riƙe Tala a kasuwa aka tsaga mata lambar agana, ga shi ta kamu, saboda haka lamba ƙarya ce. Kin ce in masu lamba sun zo Gazawa, cikin rumbu za ki ɓoye jaririn. Nan ma zancen ke nan a gari, kowa da Tala yake kafa hujja. Ni dai ina roƙon ki kar ki yi gaggawa.

Lokotoro, wato likita, ya zo daga Maradi, ya tsaya bayan ƙaya ya yi mana bayani. Ya ce lamba nuna wa jiki abokin gabarsa ake yi tun bai iso ba. Kumburin da take yi da zazzaɓin kwana biyun nan, su ne shaidar jiki ya gane shi, sai ta bar tabo. Bayan tafiyarsa na bi mutum goma sha tara da ke hannuna, na duba damtsen kowa. Ba mai tabo ko ɗaya.

Tala ta daina shan kunu. Idanunta sun rufe, sai ta laluba fuskata ta gane ni da ramukan nan. Kullum tana tambayar ki, ni kuma ina ce mata kina hanya. Na iya ƙarya yanzu fiye da dillalin jakai. Tsoro nake ji, Maijidda, ba kuma inda zan je da shi, shingen nan taku arba'in ne tsawonsa, na ƙirga.

Akwai maganar da nake so in faɗa miki, amma bakina ya yi nauyi.

Naki, Nomau

Cadakori, 16 ga Afrilu 1961

Maijidda,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki gaisuwar da ban taɓa zaton zan yi ba. Tala ta rasu shekaranjiya da hantsi. Ni na haƙa, ni na rufe, a cikin shinge. Mutane sun yi mata salla daga waje. Allah ya ba ki haƙuri.

Yanzu ki saurara. Lamba ba ta ci amanar Tala ba, ni na ci. Ranar kasuwar nan, da kika miƙo mini ita kika tafi sayen daddawa, tana kuka tana riƙe da hannu. Na ga maza suna zagayawa da 'ya'yansu bayan rumfar mahauta, kowa da ɓarin lemun tsami, suna goge tsagar tun ba ta bushe ba, wai kar ta kumbura. Na tuna yadda na kwanta da ciwon nan, na ce ba wanda zai shuka shi a jikin 'yata ina kallo. Na matse lemun, na goge tas da bakin rigata. Da hannun bai kumbura ba kika yi murna, kika ce jininta mai kyau ne. Na yi shiru, har ina jin kaina mai dabara.

Na wanke damtsen nan da hannuna kafin in rufe ta. Ba tabon lamba a jikinsa.

Malam ya tsayar da alƙalami ya tambaye ni ko ya rubuta wannan. Na ce ya rubuta, ya kuma karanta a ƙofar masallaci kafin ya aiko miki, don ba ni kaɗai na riƙe lemun ba a ranar.

Ba za a buɗe mini shinge ba sai ɓawon ƙurjin mutum na ƙarshe ya faɗi. Ban ce ki yafe mini yau ba. Abu ɗaya nake roƙo: ranar da masu lamba suka zo, ki kai yaron da kanki, kar ki miƙa shi ga kowa. In hannun ya kumbura, ki bar shi ya kumbura. In ya yi kuka, ki goya shi, kukan kwana biyu ne.

Mijinki, in har kin yarda,
Nomau