Ni 'Yar Kano Ce

Asabar da dare, 9 ga Nuwamba, Gorton

Mun dawo daga suna a unguwar Lozells, amma har yanzu kunya ba ta sake ni ba.

Muna cin abinci aka tambayi wata sabuwar ɗaliba a jami'a sunan garinsu. Ta ce Kwarin Tsamiya. Mata suka kwashe da dariya, wai a wace taswira yake? Ni ma na taya su.

Yarinyar ko a jikinta. Ta ce gari ne tsakanin dutse da rafi, maharba suka kafa shi, da damina sai da kwalekwale ake shigarsa. "Ba mu da yawa, kowa ya san kowa." Sai ta ƙura min ido. "Anti, wallahi kin yi kama da 'yan gidan Sarkin Ruwa."

Na ce, "A'a, ni 'yar Kano ce." Abin da nake faɗa ke nan tun zuwana ƙasar Turawan nan.

Ta ce, "Allah sarki. Tsohon ne ya haye da ni ranar da zan taho, har da sa min albarka."

Babana take nufi. Da kwalekwalen nan ya ɗauki nauyin karatuna. Ni kuwa sai na ce ta miƙo min zoɓo.