Tukunyar Inna Ta Dafa Giya

Ƙanwata Rabi,

Assalamu alaikum. Ya maigida da yara, ya ƙafar taki? Mu nan unguwar Tremont a Amurka sai godiya.

Nemi wuri ki zauna. Watan jiya maƙwabcina ɗan Jamaika ya ari tukunyar kunun marigayiya Inna. Ashe giya ya dafa a ciki! Wai 'yan yankinsu za su buga wasan kurket da Indiya, yana so ya yi giyar murna don ya tsokani abokinsa Ba'indiye. Jiya ya dawo da ita, har da kwalbar giyar mai hoton sandar wasan, yana cewa, "Alhaji, tukunyarka akwai albarka, mun ci!"

Salati kawai na yi. Ga azumi ya matso. Ki tambayar min Malam ko wanki zai tsarkake ta, amma kada Gwaggo ta ji.

Ki gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Yayanki,
Sule